Littafin Malama: daga ƙullutun farko har zuwa rabon gado

Tun bayan rasuwar matata a goman ƙarshe na azumin 2024, maza huɗu ne suka same ni a keɓe da tambaya iri ɗaya: an ga ƙullutu a jikin iyali, daga ina ake farawa? Na ƙarshensu a ƙofar masallaci ya tare ni bayan Isha'i, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman rance. Na tsaya ina ba shi amsa a tsaitsaye, da na koma gida sai na ga rabin abin da ya kamata ya ji ban faɗa masa ba. Shi ya sa na ɗauko littafinta na zauna. Malamar lissafi ce a firamare, shekara goma sha shida tana koyarwa bayan ta gama NCE a nan Kano, kuma duk abin da ya shiga hannunta sai ta rubuta shi. Da ciwon ya zo ta sayi littafi mai bango mai kauri, irin na rijistar aji, tana rubuta kwanan wata da shuɗin biro, kuɗi kuma da ja. Duk ranaku da kuɗaɗen da zan ambata daga ciki na ɗauko su. Ni Malama nake ce mata tun muna neman aure a 2004, yaranmu huɗu suna ce mata Umma, ita kuma Malam take ce mini ko da muna faɗa.

A ƙarshen 2020 ne, tana yaye autanmu, ta ce mini ta ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino a mamanta na hagu, ta sama wajen hammata. Ba ya ciwo. Wannan rashin ciwon shi ya yaudare mu. Matan gidansu suka ce nono ne ya daskare saboda yaye, a gasa da ruwan ɗumi zai narke. Na biya kemis na unguwa na yi bayani, ya haɗo mini ƙwayoyi na kwana bakwai, ta shanye, ƙullutu yana nan. Bayan wata biyu wata gwaggonta ta duba ta ce wannan daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi fashewa yake yi ya bazu. Aka kai mu wurin wani mai magani a bayan gari, ya ba da na sha da na shafawa da na hayaƙi, muka biya naira dubu 40 a zuwa uku. Ba zan ɗora wa kowa wannan ba. Ni ne maigida, na yi boko, ina da babur ɗin da zan kai ta asibiti cikin minti ashirin, amma na ji tsoron abin da likita zai faɗa, sai na fake da maganar manya. Wata bakwai muka ɓata a haka. A littafin, shafin wannan lokacin layi uku ne kawai da jan biro, kuma shi ne shafin da har yau ba na iya daɗewa a kansa.

Abin da ya tashe mu shi ne kaluluwa da ta fito mata a hammata, fatar wurin ta fara yin ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, kan maman kuma ya shige ciki. A watan Yuli na 2021 muka je wani babban asibitin gwamnati. Ranar farko ba mu ga likita ba, don ƙarfe tara muka isa, ashe masu yankar kati tun bayan Asuba suke kafa layi. Washegari muka yi sammako. Aka buɗe mata fayil, likitan da ke duba kowa da kowa ya ga wurin, fuskarsa ta canza, ya rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, sashen tiyata. Abin da ban sani ba sai da na sha wahalarsa shi ne cewa likitocin mama ba kullum suke zama ba, rana ɗaya ko biyu gare su a mako, kuma sai an rubuta sunanka a jerin wannan ranar. Aka ba mu mako uku. Kafin ranar ta zo, likitoci suka shiga yajin aikin da aka fara a farkon Agusta, wanda bai ƙare ba sai a Oktoba. Wata nas ce, Allah ya saka mata da alheri, ta ja ni gefe ta ce kada mu zauna jiran a janye, mu je mu yi hotuna a waje mu riƙe. Muka yi sikanin na dubu 5 da hoton mama da ake kira mamogiram na dubu 15. Malama ta ce injin yana matse wurin kamar zai fasa shi, amma bai fi 'yan daƙiƙu ba.

Hoto yana nuna akwai abu, amma ba ya tabbatar da ko mene ne. Sai an ɗebi ɗan nama an duba shi. A nan aka kai ruwa rana a gida, domin ƙarfen da ake gudu ne zai shiga. Mahaifiyarta ta kira ni ta ce, "Malam, amana na ba ka, kada ka bari a yanka mini 'ya." Na rasa ta cewa. Malama ce ta karɓi wayar ta ce, "Inna, wata bakwai ina shan abin da kuka ce, yanzu ku bar ni in gwada nasu." Aikin kansa bai kai rabin awa ba. An kashe wurin da allura, aka sa wata allura mai kauri da take yin ƙara kamar an ɗana tarko, aka ciro 'yan siraran nama, aka zuba a kwalba da ruwan magani, aka miƙo mini in kai ɗakin gwaji da hannuna. Na biya dubu 35. Aka ce mako biyu, ya zama mako huɗu. Ranar da na karɓo takardar ban iya karanta ta ba, sai kalma ɗaya da na gane ta yi kama da kansa. Na zauna a kan babur a ƙarƙashin wata darbejiya har aka kira La'asar, ban tayar da shi ba.

Likitan da ya yi mana bayani dattijo ne, kuma bai ɓoye komai ba. Ya ce sankarar mama ce, ta kai mataki na uku cikin huɗu, wato ta shiga kaluluwar hammata amma hotunan ƙirji da ciki ba su nuna ta kai wani wuri ba. Malama ta tambaye shi kai tsaye, da a ce mun zo tun tana kamar ƙwallon dabino fa? Ya ɗan yi shiru, ya ce da aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan ya faɗi wata magana game da zancen ƙarfe wadda nake maimaita wa duk wanda ya tambaye ni. Ya ce yawancin matan da ake kawo musu sai ciwon ya riga ya ci jiki, in aka yi tiyata mai shi ta rasu bayan wata kaɗan, dangi su ce wuƙa ce ta kashe ta, na gaba su ƙara jinkiri, haka abin yake ta juyawa. Ya rubuta wani gwaji na biyu a kan naman da aka riga aka ɗiba, wanda takardarsa take ɗauke da ER, PR da HER2. Shi ne yake nuna irin abin da ke ciyar da ciwon da kuma maganin da zai ji. Ba a sake yanka ba. Naman farko ana daskarar da shi a cikin ɗan dunƙulen kaki irin na kyandir, sai ka koma ɗakin gwajin ka nemi a ba ka shi. Kada wanda ya bari dunƙulen nan ya ɓace masa. Mun biya dubu 45, sakamakon ya nuna nata irin wanda sinadarin mata yake ƙara wa ƙarfi ne, HER2 kuma babu. Likitan ya ce mu gode wa Allah, don da akwai shi da sai allurar Herceptin, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin albashinmu mu biyu a haɗe.

Na ɗauka tiyata za a fara yi, sai aka ce a'a, kemo tukuna, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗaurawa ta jijiya, don ƙullutun ya motse. Zagaye shida, kowane kwana 21. Kafin na farko an yi mata hoton zuciya, saboda ɗaya daga cikin magungunan, jan nan da ake kira doxorubicin, yana iya taɓa zuciya. Tsarin kowane zagaye ɗaya ne: kwana ɗaya ko biyu kafin ranar a ɗebi jini a duba fararen ƙwayoyin jini da ƙoda da hanta, ka karɓo sakamako, likita ya sa hannu, ka je ka sayo maganin, sannan ka kawo a ɗaura. Zagayen farko na yi kuskuren zuwa ranar da hannu biyu ina tsammanin komai yana ciki, sai da na yi zarya tsakanin famasin asibiti da kantunan magani na waje har azahar. Daga nan muka riƙa saye tun ana gobe. Kowane zagaye yana cin tsakanin dubu 65 da dubu 80, da gwaji da maganin amai. Inshorar lafiyar ma'aikata da ake cire mata a albashi ta ɗauki ganin likita da wasu gwaje-gwaje, amma magungunan kemo daga aljihunmu suka fito. A zagaye na biyu ta sayar da awarwaronta da sarƙar gwal ta aure. Sai daga baya, a bakin wata mata a layi, na ji labarin asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021, na sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wanda ya soma da asibitoci shida a Zariya, Abuja, Gombe, Ibadan, Benin da Inugu. Ta ofishin jin daɗin marasa lafiya ake shiga. Wanda duk ya samu kansa a wannan hali ya nemi wannan ofishin tun makon farko ya tambayi abin da ke akwai a lokacin.

Ɗakin kemo kujeru ne a jere, mata zalla kusan, kowace da ledar ruwa a rataye. Ba a yi zagaye biyu ba Malama ta san sunan kowa da garinsu. Akwai wata yarinya daga wajen Haɗeja da ba ta iya karatu ba, Malama ce take rubuta mata ranar dawowa a bayan kati da manyan haruffa, ta zana mata wata da rana a jikin ledar magani don ta san na safe da na dare. Bayan an ɗaura jan maganin fitsari yakan yi ja na kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne, amma da ba a gaya mana ba da mun firgita. Kwana uku na farko amai da kasala, abinci ya koma mata kamar tana tauna ƙarfe. Kunun gyaɗa da ɗan lemon tsami da farfesun kifi su suka riƙe ta. A mako na uku bayan zagayen farko, babbar 'yarmu tana tsefe mata kai a tsakar gida da yamma, sai kitso guda ya biyo matsefin gaba ɗayansa. Yarinyar ta daskare da shi a hannu. Malama ta juyo ta karɓe shi, ta naɗe a gefen zani, ta ce, "Je ki ɗauko mini injin askin Babanku." Ni na aske mata a ɗaki da ƙofa a rufe. Hannuna yana rawa, ita kuwa tana gaya mini inda na bari. Da na gama ta ɗaura ɗankwali, ta fita ta duba wa yara aikin gida.

Sau ɗaya aka ɗaga mana zagaye da mako guda don fararen ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa, sau ɗaya kuma zazzaɓi ya rufe ta da tsakar dare bayan kwana goma da kemo. An riga an gargaɗe mu cewa zazzaɓi a wannan tsakanin ba na farasitamol ba ne, a taho asibiti ko ƙarfe nawa ne. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya kai mu, aka kwantar da ita kwana huɗu. Zagayen ƙarshe ya faɗo a azumin 2022. Ta so ta yi azumi, likita ya hana, na kai maganar wurin limaminmu, ya karanto mata ayar da ta sauƙaƙa wa mara lafiya ya rama a wasu kwanaki. Ta rubuta adadin kwanakin da ta sha a bayan littafin. Bayan ƙaramar Sallah aka yi tiyata, aka cire maman gaba ɗaya da kaluluwar hammata. An ce mu tanadi jini leda biyu, ƙannena biyu suka bayar. Takardar amincewa ita ta sa wa hannu da kanta, ni shaida kawai na zama. Aikin da kwanciyar kwana takwas sun tashi kusan dubu 260. Ta dawo gida da robar da ke tsotse ruwa daga wurin, da umarnin kada a ƙara yi mata allura ko awon jini a hannun hagu, kuma ta riƙa ɗaga shi tana bin bango da yatsu don kada ya kumbura ya sandare. Daren da aka kwance bandejin ta ce in kashe fitila. Na ce ba zan kashe ba. Abin da muka faɗa wa juna bayan nan namu ne.

Saura rediyoterafi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken inji, wanda a layin asibiti kowa gashi yake ce masa. A lokacin sunayen da ake ambata mana a Arewa su ne Shika a Zariya, Sakkwato da Abuja, sai Legas ga mai hali. Wurin farko da muka tuntuɓa aka ce injin ya tsaya, ba a san ranar gyara ba. Kada kowa ya hau mota sai ya sami wani a can ya tabbatar masa da bakinsa cewa injin yana aiki a wannan makon. Muka sami gurbi a Abuja bayan babbar Sallah. Jirgin ƙasan Kaduna yana tsaye tun harin 28 ga Maris, ga hanyar mota kowa yana tsoronta, muka bi motar safe muna addu'a har Zuba. Wani ɗan ƙanen mahaifina a Mararaba ya ba mu ɗaki. Ranar farko hoto aka yi mata aka zana alamomi a ƙirjinta, aka ce kada sabulu ya goge su. Bayan kwana tara aka fara, Litinin zuwa Juma'a, zama goma sha biyar. Kowane zama bai fi minti goma ba, amma muna barin gida ƙarfe biyar da rabi don mu riga cunkoson Nyanya, mu dawo bayan azahar. Kuɗin ya haura dubu 700, ban da mota da abinci. Filin da ta saya da kuɗin adashi a bayan gari shi ya tafi a nan. Fatar wurin ta yi baƙi kamar wadda rana ta ƙona, ta saɓule kaɗan a ƙarshe, sannan ta warke.

Daga Satumbar 2022 zuwa ƙarshen 2023 mun samu lafiya, kuma ina so wanda ke karanta wannan ya san cewa wahalar nan ta sayo mana wani abu. Gashinta ya fito, mai laushi kamar na jariri. Ta koma aji. Ta rama azuminta ɗaya bayan ɗaya tana soke su a littafi. Ta ci gaba da haɗa zoɓo da kunun aya tana aikawa shagon bakin titi, ta koya wa autanmu ƙirga da murafen kwalba, ta ga babbar 'yarmu ta gama sakandare. Kullum da safe ƙwayar tamoxifen ɗaya, mai tare sinadarin matan da ke ƙara wa ciwon ƙarfi, duk wata uku ganin likita. An gaya mana kada ta ɗauki ciki tana shan maganin, muka bi. Ko a watannin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da na yini a layin mai POS don kuɗin gwaji, ba mu tsallake ko rana ɗaya ba. Da asuba muryarta ce take tashin gidan, tana bi ɗaki-ɗaki tana kiran yara da cikakken sunansu, wanda ya yi nawa ta yayyafa masa ruwan buta.

A Nuwamban 2023 ta fara kukan ciwon baya. Muka ce tsayuwar allo ce. Wannan karon mako biyu kawai na bari. Hoto ya nuna ciwon ya shiga ƙashin baya da ƙugu, bayan wata biyu kuma aka gan shi a hanta. Likitan ya so in fita da shi waje, Malama ta ce a'a, a faɗa a gabanta, jikinta ne. Ya ce yanzu ba maganar warkewa ake ba, maganar sauƙi da ƙarin lokaci ce. Aka canza magani, aka ƙara da ruwan ƙarfafa ƙashi duk wata. Amma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu da faɗuwar naira, abin da muke saye dubu 70 ya ninka ya wuce. Malaman makarantarsu sun yi karo-karo, jama'ar masallaci sun yi, wani tsohon ɗalibinta da ke sayar da waya a Farm Centre ya turo abin da ban taɓa zato ba. Bayan zagaye biyu ta ce ya isa. Na yi mata magiya, ta ce, "Malam, lissafin bai fita ba. Ka bar wa yara gidan." Aka tura mu wurin masu kula da raɗaɗi, sashen da ban san da shi ba a duk shekara biyun da na yi ina zarya a asibitin. Su suka rubuta mata ruwan morfin na sha, duk awa huɗu, da maganin sakin ciki don yana ƙulle bayan gida. Wasu 'yan uwa suka ce zai sa ta zama 'yar ƙwaya. Na daina ba su amsa. Na ga darenta kafin maganin, na ga darenta bayansa, kuma da na san da shi da wuri da ba ta yi makonni uku tana cizon filo don kada yara su ji ba.

A gida ta so ta cika, haka kuma Allah ya yi. Kwanakin ƙarshe idonta ya yi rawaya, barci ya yi yawa. Mahaifiyarta ta dawo gidanmu, da ita da babbar 'yarmu suke juya ta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Ana saura kwana uku ta sa na ɗauko littafin, ta ce in buɗe shafin ƙarshe, ta riga ta jera bashin da ake bin ta da wanda take bi. Ta ce gwal da fili kyauta ta yi wa kanta da su, kada wani ya ce ina da bashinsu, ta sa ƙaninta da limaminmu suka shaida. A daren da ta rasu ana tahajjud a masallacin unguwa, lasifika tana kawo karatun har ɗaki. Ina riƙe da hannunta na dama ina maimaita kalmar shahada a hankali, leɓenta yana motsi. Kafin kiran assalatu ta tafi. Inna da gwaggonta suka yi mata wanka, ita gwaggon nan da ta fara cewa daji ba ya son ƙarfe, ta fito tana kuka ta kama hannuna ta kasa magana. Ƙarfe goma na safe aka sallace ta a ƙofar gida. Yaran ajinta sun tsaya daga nesa cikin yunifom.

Bayan an share makoki sai takardu. Da yake a gida ta rasu, babu takardar asibiti kai tsaye. Na ɗauki wasiƙar mai unguwa da katinta na asibiti, na yi takardar rantsuwa a kotu, sannan na je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa aka ba ni shaidar rasuwa. A yi kwafi da yawa tun a ranar, don banki zai nema, wurin aiki zai nema, masu fansho za su nema. Bankin da albashinta ke shiga ya rufe asusun da na sanar da su, suka ce sai da takardar kotu da katin shaidata da hotuna. A kotun shari'a aka nemi magada su bayyana da shaidu biyu. Aka fara fitar da bashi, sannan aka raba kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara: miji rubu'i tunda akwai 'ya'ya, uwa sudusi, mahaifinta ya riga ta rasuwa, ragowar na yara, namiji rabon mata biyu. Da maza biyu da mata biyu, aka kasa dukiyar 72, ni 18, Inna 12, kowane namiji 14, kowace mace 7. Ina zaune ina kallon magatakarda yana bugawa a kwakuleta, na san da tana nan da ta riga shi da ka. Banki ya ɗauki wata uku. Haƙƙinta na wurin aiki na cike fom ɗinsa, na miƙa takardar ɗaukarta aiki da ta ƙarin girma ta ƙarshe, waɗanda na tarar a jere a cikin akwatinta.

Mutumin da ya tare ni a ƙofar masallaci na sake nemansa na gaya masa abin da na fi so ya riƙe. Ƙullutun da ba ya ciwo ya fi cancantar tsoro, kuma wanda ya wuce mako biyu zuwa uku bai baje ba, ko ana shayarwa ko ana yaye, likita ne zai gan shi, kuma kada a daina bibiya har sai an tabbatar da ko mene ne, ko da sai an ɗebi nama. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma ba a ganewa da yatsa. Addu'a da tofi ban taɓa barinsu ba ko rana ɗaya, ba su hana kowa yankar kati ba. Na ce ya bar matarsa ta ji bayanin likita da kunnenta, ya daina karɓar magana a madadinta, don Malama duk shawarar da ta yanke da kanta ta fi wadda na yanke mata. Ya tanadi jaka ɗaya ta takardu, kada ya ba kowa na ainihi sai kwafi. Likitanta kuma ya ce tunda ciwon ya same ta kafin ta kai arba'in, 'yan uwanta mata da 'ya'yanta su san da haka su riƙa duba kansu. Na kai ƙanwarta da kaina a watan Shawwal, aka duba, ba a ga komai ba.

Bashin da ke shafin ƙarshe guda biyar ne, na biya huɗu a makon farko. Na biyar naira 3,500 ne na matar da take yi mata niƙan aya a bayan layinmu. Na aika yaro da kuɗin, ta dawo da shi. Na je da kaina na yi sallama daga zaure, ta ce daga ciki ita ta yafe tun Malama tana kwance, kuma shekara biyu Malama tana koya wa ɗanta lissafi da yamma ba ta karɓi ko kwabo ba. Na ce to ta faɗa da bakinta cewa ta yafe duniya da lahira, ta faɗa sau uku. Na dawo gida na nemi jan biron, na same shi a cikin jakarta ta makaranta tare da guntun alli, na soke layin.